Ba a fafe gora ranar tafiya

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Haɗeja, a bakin fadama, inda damina kan raba mu da titin kwalta har wata biyu. Na daɗe ina son in rubuta abin da ya gudana tsakanina da kwamfuta, domin har gobe akwai yara a garuruwanmu da suka nufi ramin da na faɗa, iyayensu kuma ba su sani ba, kamar yadda nawa iyayen ba su sani ba.

Mahaifina malamin allo ne. A zaurenmu na buɗi ido na ga almajirai, a nan na yi babbaƙu da farfaru, a gefen wutar karan da ake hurawa bayan isha'i na yi tilawa. Baba yana da wata ƙa'ida da ba ya sassautawa. Duk yaron da aka kawo masa, ba zai biya masa ko harafi ɗaya ba sai an sayo masa allonsa na kansa. Ko uban yaro ya ce a bari ya riƙa leƙa na yayansa kafin ranar kasuwa, Baba ba ya yarda. Sai yaro ya riƙe allon, ya ji nauyinsa a cinyarsa, ya wanke da hannunsa, ya jingine a rana ya bushe, in ya tasa ya fiƙe alƙalaminsa ya dama tawadarsa. Ina yaro na ɗauka tsauri ne kawai irin na malamai.

Duk da haka bai hana ni boko ba. Na yi firamare a ƙauyenmu, na yi ƙaramar sakandare da babba a garin da ke gaba da mu, ina zuwa a keken kawuna, in keke ya lalace in taka a ƙasa. Tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare muke da darasin kwamfuta a jadawali. Malaminmu mutumin kirki ne, yana da hannun zane. Yakan zana mana akwatin da gilashinsa a baƙin allo, ya zana kibod da layukan maɓallansa, ya zana maus da 'yar igiyarsa, mu kwafa a littafi. Ma'anar kwamfuta kuwa da Turanci muke rera ta kamar waƙa, har yau ban manta ko kalma ɗaya ba. A jarrabawar makaranta ba a cika wuce ni a wannan darasi ba.

A babbar sakandarenmu akwai wani ɗaki a kulle da kwaɗo biyu. In ka ɗaga ƙafa ka leƙa ta taga za ka hango kwamfutoci a jere bisa tebura, an lulluɓe su da leda, ƙura ta hau. An ce wasu ne suka kawo gudummawa, aka yi taro aka ɗauki hoto, tun kafin zuwanmu. Makarantar ba ta da lantarki, babu kuɗin man janareta, kuma wanda aka damƙa wa makulli yana tsoron in wani abu ya lalace a cire a albashinsa. Yanzu da na zama malami na san wannan tsoron, ba na ganin laifinsa. Amma shekara uku na yi ina wucewa ta bakin ƙofar nan, ban taɓa ganin ta a buɗe ba.

Na gama a 2014, takarduna suka yi kyau. Burina in karanci aikin gona a jami'ar tarayya da ke Dutse, saboda na tashi ina ganin yadda ruwa da tsutsa da rashin taki suke cinye wahalar mutanenmu. Inna ta sayar da akuyarta mai ciki aka saya mini fom ɗin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a. A shagon da aka cike mini fom, mai shagon ya ce, "Ka dai san bana babu takarda da fensir ko? Kowa da kwamfuta zai yi." Hukumar ta fara gwada wannan tsari tun 2013, ana barin ɗalibi ya zaɓa, amma a 2015 aka rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Na ce masa na sani, ai shekara shida na yi ina karanta kwamfuta. Har zuciyata na faɗa, domin a ganina abin da na haddace shi ne iyawa.

Na isa Dutse ana gobe jarrabawa, na kwana a gidan wani ɗan garinmu. Da safe aka duba yatsunmu aka shigar da mu wani babban ɗaki mai sanyi, aka nuna mini kujera. Ranar ce na fara ɗora hannuna a kan kwamfuta.

Abu na farko da aka nema shi ne in rubuta lambar rajistata. Na san inda kowane harafi yake a zanen littafina, amma a nan sai idona ya kasa kama su, ga hannuna yana rawa. Na danna lamba ɗaya da ƙarfi ban ɗaga yatsa ba, sai ta fito a jere har ta cika gurbin, ban kuma san yadda ake gogewa ba. Wani mai sa ido ya zo ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri. Sai maus. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa a kan tebur ake jan sa. Na ɗaga shi sama ina nuna wa gilashin, kibiyar ta tsaya cak. Da na ajiye na ja, sai ta yi tsalle ta ɓace a lungu. A gefena wata yarinya 'yar birni tana ta ƙwas-ƙwas ba ta ko kallon hannunta. A saman gilashin kuma agogo yana ta cin lokaci, yana komawa baya.

Da ƙyar na gano yadda zan zaɓi amsa in wuce gaba. Na duƙufa a kan Turanci, ina jira in na gama sauran darussan su fito da kansu, kamar yadda ake buɗa shafi. Ashe sunayensu suna jere a sama, sai ka kai kibiya ka danna. Lokacin da na lura, abin da ya rage bai isa komai ba. Na buɗe Kemistiri, na ga tambayoyin da na kwana ina bitar irinsu da fitilar aci-bal-bal, na san amsarsu kamar yunwar cikina, ina cikin ta huɗu ko ta biyar gilashin ya rufe. Bayoloji, wanda na fi ƙarfi a kai, ko buɗe shi ban yi ba.

Makin da na samu cikin 400 bai kai ko 150 ba. A shekarar ana neman 180 don shiga jami'a, 150 don kwaleji.

Da na gaya wa Inna, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ban taɓa jin ta ambaci akuyar nan ba, har yau. Wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Na yi kwanaki ba na fita majalisa, domin a ƙauye an riga an san ɗan Malam ya tafi jarrabawar jami'a.

Wani dare bayan almajirai sun watse Baba ya kira ni zaure. Ya sa na ba shi labari daki-daki, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Kafin ranar nan, sau nawa ka taɓa riƙe abin?" Na ce, "Ko sau ɗaya, Baba." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To ai ba a ba ka allo ba. Shekara shida ana biya maka karatu, babu allo a hannunka." Sannan ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, in shirya in tafi Haɗeja wajen kawuna, kada in dawo sai hannuna ya san abin nan kamar yadda ya san alƙalami.

Kawuna mai sana'ar kifi ne a Haɗeja. Ya haɗa ni da wani mai shagon buga takardu, na zama yaron shago: shara, sayo mai a galan, tayar da janareta, fotokofi. Ladana shi ne in an sallami mutane da dare, maigidan ya bar ni in zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa kafin a kashe injin. Abin da ya ba ni mamaki, ya kuma sa ni kuka a daren farko da na gane, shi ne ƙanƙantar abin. Cikin kwana uku hannuna ya saba da maus. Cikin mako uku ina buga wasiƙar neman aiki da takardar gayyatar aure. Abin da ya cinye mini shekara guda da akuyar Inna bai wuce aikin kwana uku ba, da an samu wanda ya buɗe mana ƙofar nan.

Na sake zama a 2016, na ci. Amma a shekarar amfanin gona bai yi auki ba, kuɗin jami'a ya fi ƙarfinmu, sai na tafi kwalejin ilimi ta Gumel na yi NCE. Ban yi da-na-sani ba. A 2017 hukumar jarrabawar ta sauƙaƙa wa irinmu, ta kawo tsarin da ɗalibi zai iya yin komai da 'yan maɓallai ba sai da maus ba: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Ta kuma fara shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Wannan ya taimaka ƙwarai. Sai dai yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba, tsoronta kaɗai ya isa ya kore masa abin da ya sani, ko da maɓalli ɗaya aka ce ya danna.

Ina gida a Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. Aka fara sa darussa a rediyo. Na riƙa tara yaran unguwarmu a gindin tsamiya da rediyon Baba. Matsalar rediyo ita ce ba ya jiran kowa, in yaro ya ce bai ji ba an riga an wuce. Sai na koma naɗar darasin a wayata, in sake kunna musu, in tsayar inda suka kakare, in mayar baya sau uku ko huɗu. A gindin tsamiyar nan na gano abin da ya fi rashin kwamfuta muni. Akwai 'yan aji biyar da ba sa iya karanta jimla ɗaya ta Hausa. In na rubuta "Inna ta dafa tuwo" a ƙasa, sai su kalli bakina suna jira in faɗa su maimaita. Tun daga ranar na san ko kwamfuta ɗari aka kawo garin nan, aikin farko yana nan inda yake, wato ba, bi, bu.

Da kakar shekarar na sayar da riɗina, na ƙara da ɗan abin da na tara, na shiga motar Kano. A titin Beirut na sayi kwamfutar hannu, ta hannu ce, an ɗan ci da ita, harafi ɗaya ma ya goge. Na haɗo da ƙaramin faifan sola da batir. Na fara zuwa gaida Bulama na faɗa masa nufina. Ya ce ya ji, amma sai an tara iyaye. A taron wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ɗan Malam, mu fa mun ga abin da wayar nan ta mayar da samarinmu. A shagon mai caji suke kwana, ana tura musu finafinai da raye-raye a memori. Yanzu kuma babbarta za ka kawo wa 'ya'yanmu mata?" Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa, ni ma ina gani. Baba ne ya raba gardamar. Ya ce Alhamis da Juma'a almajiransa ba sa karatu, ya ba da zaurensa da yamma, shi kuma zai zauna a bakin ƙofa. 'Yan mata kuwa a cikin gida za a yi nasu, gaban Inna. Da mutane suka ji a zauren Malam ne, sai hankalinsu ya kwanta.

Ƙa'idata ɗaya ce, kuma a wajen Baba na ɗauko ta: ni ba na taɓawa. Yaro ne zai buɗe, shi zai kunna, shi zai ja kibiya ta ɓace ya nemo ta. Wannan ya fi komai wuya ga malami, domin in ka ga yaro yana lalube hannunka har ƙaiƙayi yake ya kai ɗauki. Nakan harɗe hannuwana a baya in yi ta magana da baki. Kowa minti goma. Ƙananan su rubuta sunansu da na mahaifinsu da sunan garinmu, daga nan su koma gaɓoɓin kalma. Manyan da ke shirin jarrabawa na sa musu manhajar gwaji mai tsofaffin tambayoyi, wadda ba ta bukatar intanet, da agogonta a sama yana komawa baya kamar na gaske. Nakan bar agogon ya cinye su sau da yawa a zaure, inda babu akuyar kowa a ciki. Sabis a garinmu sai an hau tudun bayan makabarta, shi ma yana zuwa yana ɗaukewa, don haka duk ranar da na shiga Haɗeja nakan sauke bidiyoyin darussa in taho da su. Da aka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport a Maris na 2022, wadda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta yi da UNICEF da Microsoft, na ji daɗin samun darussa da Hausa a ciki, domin yaro ya fi sakin jiki in na'ura ta yi masa magana da harshen uwarsa.

A ambaliyar 2022 ruwa ya shigo mana cikin dare. Na sa kwamfutar a leda biyu, na saka a robar wanka na ɗora a ka, ruwa har ƙugu. Batir ɗin dai ya tafi. Makarantarmu ta zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, muka yi makonni ba karatu. Sai da kaka na iya sayen wani batir.

Ƙanwata tana cikin 'yan matan farko da suka zauna a tabarmar Inna. A 2023 ta isa zana JAMB. Yanzu abin ya ƙara matakai, tun 2021 sai da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, ake rajista, ana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 a karɓi lambar da za a sayi fom da ita. Ina roƙon iyaye su kula da wannan tun yaro yana aji biyar na sakandare, su tabbata sunan da ke katin ɗan ƙasa da ranar haihuwa sun yi daidai da na makaranta, domin gyara yana cin lokaci da kuɗin mota. Ni na raka ta Dutse. Na zauna a waje ƙarƙashin wata darbejiya, tsawon awa biyun nan ban iya ko shan ruwa ba, duk abin da ya same ni shekara takwas baya ya dawo mini sabo. Da ta fito na tare ta na ce yaya. Ta ce, "Yaya, Kemistiri ya ba ni wuya." Na ce na'urar fa? Ta dube ni ta ce, "Wace na'ura? Ai irin ta gida ce." Na juya baya don kada ta ga idona. Yanzu tana karatu a jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa.

Ba zan ɓoye ba, abin da dattijon nan ya faɗa bai gushe ba, ƙaruwa ma ya yi. Samarin garinmu sun ƙware a TikTok da tura bidiyo ta Xender, yatsunsu sun fi nawa sauri, amma da yawansu saƙon murya suke turawa saboda ba sa iya rubutawa. Kwanan baya wani ɗan sakandare ya kawo mini insha'in Turanci mai kyan gaske, ya ce ChatGPT ya tambaya a wayar yayansa. Na ce ya karanta mini sakin layi na farko ya gaya mini ma'anarsa da Hausa. Ya kasa. Ban yi masa faɗa ba, na zaunar da shi muka bi jimla-jimla har magariba, sannan na sa ya rubuta nasa da hannunsa, layi shida masu kurakurai, waɗanda ya san abin da kowannensu yake nufi. Wannan yaron nan da shekara biyu zai zauna gaban gilashi shi kaɗai, babu wayar yayansa. WAEC ma ta fara yi wa masu zana jarrabawa a kashin kansu da kwamfuta tun 2024, kowa ya ga inda aka dosa.

Ga tsada kuma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar Haɗeja ya ninka, a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Abin da nake saukewa a wata ya ragu. Shi ya sa in na ji an ce za a raba kwamfutoci a makarantun karkara nakan yi murna, kuma gabana ya faɗi. Ina roƙon masu wannan niyya, don Allah in kuɗin na kwamfuta ashirin ne, a sayi goma, ragowar a sa sola, a horar da malami ɗaya da ke kwana a garin, a kuma rubuta masa a takarda cewa in yaro ya lalata wani abu garin koyo ba za a taɓa albashinsa ba. In ba haka ba, kwaɗo biyu za a sake sa wa ƙofar.

Yanzu sunaye 34 ne a littafina, kwamfuta ɗaya. Goma sha ɗaya daga ciki almajiran Baba ne, shi da kansa ya turo su. Akwai wani gardi a cikinsu da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta allo da hannu mai kyau kamar ɗab'i, amma bai taɓa shiga ajin boko ba. Cikin wata biyu ya kama haruffan boko, domin hannunsa da idonsa sun riga sun san mene ne harafi. Makon jiya ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa, na kai Haɗeja aka buga a takarda.

Baba har yau bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfutar ba, ya ce shi allonsa ya ishe shi. Amma duk Alhamis yana bakin ƙofa a kan buzunsa da agogon hannunsa, shi ke tsayar da minti goman kowa. In babba ya danne ƙarami ya karɓe masa maus, kafin in yi magana sai in ji muryarsa: "Kai, sakar masa, lokacinsa ne." Batir ɗin cikinta ya soma gajiya, in hadari ya rufe rana ba ta wuce minti arba'in, sai yara huɗu su samu, sauran a ɗaga musu zuwa Juma'a. Bana na ƙara fili a gonar riɗi. In Allah ya kai mu kaka lafiya, ruwa bai ci ba, zan koma titin Beirut in sayo ta biyu, a ajiye ta a cikin gida wajen Inna saboda 'yan mata su daina jiran sai maza sun gama.